Neman bulok ɗin 2JZ-GTE na asali: yadda aikin ke tafiya

6 Janairu 2024

Toh yau dai na ce bari in fara rubuta yadda aikin motar nan ke tafiya, don abubuwan da nake gani suna da yawa kuma kai ba ya riƙe su duka. Motar Lexus GS300 ce ta farko, ƙirar 1995, injinta 2JZ-GE, silinda shida a jere, lita 3. Tun bara take shan baƙin mai kamar me, da safe in ka tada ta hayaƙi shuɗi sai ya cika layinmu. Shekaranjiya muka sauke injin a garejin maigidana, muka ɗaga top, wato kan injin da ke rufe silinda, sai ga silinda ta biyar ta karce tun daga sama har ƙasa, farce yana maƙalewa a ciki, kuma da ganin fistin ɗin ka san an taɓa faɗaɗa ramukan a baya. Baba, wato maigidan nawa, ya sa yatsa ya shafa ya girgiza kai, ya ce wannan bulok ɗin, wato gangar jikin injin da ramukan silinda ke ciki, ya gama aikinsa, a nemo wani.

Tunda dole ne sai na sayi wani, ni na GTE nake so, wato na injin da ya zo da turbo biyu daga kamfani, turbo kuwa ita ce ke cusa wa inji ƙarin iska don ya ƙara ƙarfi. Ba wai son iyawa ba ne. Motar nan tawa a Japan sunanta Toyota Aristo, kuma a cikin Aristo ɗin ne aka fara saka 2JZ-GTE a 1991, kafin ma Toyota Supra ta samu a 1993. Kenan gidan injin motar an yi shi ne da wannan injin a rai. Burina in haɗa ta da turbo a hankali, ko da zai ɗau shekara.

Matsalar ita ce a nan wurinmu GTE ba ya yawa. Duk Lexus mai injin 2JZ da ke shigowa daga Amurka, GS300 ne ko IS300 ko SC300, GE ne a cikinsu. Aristo mai turbo a Japan kawai aka sayar da ita, sitiyarinta a dama, ba ta shigo mana a mota sai dai injinta ya faɗo cikin kwantenar kayan beljiyam. Shi ya sa kuɗinsa ya ninka na GE, shi ya sa kuma kowa da ya ga an rubuta 2JZ sai ya ce maka ai mai turbo ne.

13 Janairu

Yau ban je kasuwa ba. Na zauna da tsohon bulok ɗina na wanke shi tas da kananzir da burushin waya, don shi ne zai zama abin gwadawa na. Lambar da aka buga a jikinsa 2JZ ce sai lambobin da ke binta, babu G babu E babu T. To ka ga lamba ba za ta raba maka gardama ba, ƙarfen da kansa za ka karanta.

GE da GTE kusan zubi ɗaya ne, ƙarfen zubi mai nauyi, faɗin silinda milimita 86, tafiyar fistin ma 86, mazaunin karanshaf guda bakwai. Bambancin yana wurin abin da kamfani ya huda bayan an zuba. A ɓangaren salansa na bulok ɗina akwai wasu ƙulu-ƙulu guda biyu da suka ɗan taso, kamar an shirya za a huda sai aka fasa, fatarsu gautsi-gautsi irin ta yashin zubi. A GTE nan ne ake hudawa a yi musu haƙora, daga nan baƙin mai ke tafiya zuwa turbo biyun. Haka a botom filet na sama, wato kaskon baƙin mai da ke ƙarƙashin inji, wanda yake na alminiyam, akwai wani fili da aka bari a toshe, a GTE a buɗe yake don man da ya gama zagaya turbo ya dawo ta nan. Sannan na kifa bulok ɗin na haska tocila a gindin kowace silinda: babu komai, ƙarfe ne kawai. A GTE a wannan wurin akwai 'yan bututu shida, kowace silinda ɗaya, masu fesa mai a ƙarƙashin fistin don ya huce.

Na ɗauki hoton duk wuraren nan a waya. Na kuma yanki wata waya mai tauri daidai tsayin bulok ɗin daga inda botom filet ke zama har saman da top ke hawa, na lanƙwasa bakinta na sa a aljihu.

20 Janairu

Kasuwar Ƙofar Ruwa a nan Kano tun ƙarfe tara, ga hazo ga sanyi. Na zaga shaguna da yawa, yawanci da na ce 2JZ sai su nuna min cikakken inji na GS300 ko IS300. Waɗannan ba sai ka wahala ba, daga nesa za ka gane GE ne, don manifol ɗin iskarsa yana hayewa ta saman injin ya rufe filogi na tsakiya, shi kuwa GTE manifol ɗinsa a gefe guda yake zaune, saman injin a buɗe. Tsohon GE kuma yana da distiributa, GTE ba shi da ita sam.

Wajen azahar wani yaro ya ja ni can ciki ya nuna min wani bulok tsirara a ƙasa, an jingina shi da bango. Gabana sai da ya faɗi don murna, ramukan man turbo a hude, na kifa shi da taimakon yara biyu na haska, ga 'yan bututun fesa mai nan reras. Na riga na fara lissafin kuɗi a zuciya. Sai na tuna da wayar aljihuna, na ɗora ta a jikinsa, sai ga waya ta zarce saman bulok ɗin da kusan kaurin yatsa. Na goge wurin lamba da samfefa, tsatsa ta ci wurin amma ana iya gani: 1JZ. Wato 1JZ-GTE ne, ƙanensa mai lita 2.5. Faɗin silinda ɗaya ne, 86, amma tafiyar fistin ɗinsa 71.5 ce, shi ya sa bulok ɗin ya fi gajarta. Inji ne mai kyau wallahi, ba na raina shi, amma karanshaf ɗin 2JZ da kwanrod ɗinsa ba nan gidansu yake ba. Mai shagon da na nuna masa bai yi musu ba, ya ce shi ma haka aka kawo masa cikin kaya, ya ma karɓi lambata ko wani zai faɗo.

27 Janairu

Babu wani labari. Mutum biyu sun turo hotuna ta WhatsApp, duka GE ne masu VVT-i, wato sabon samfurin da ke sauya lokacin buɗe bawul da kansa, ana ganin ƙullutun nan a gaban murfin top ɓangaren iska. Na gode musu na ce a'a.

Bari in ɗan tsaya a kan wannan don wani abokina ya tambaye ni me ya sa ba zan ɗauki GE mai VVT-i ba tunda ya fi sabunta kuma yana da araha. Bulok ɗin kansa ba shi da laifi. Amma kwanrod ɗin GE mai VVT-i, wato sandunan da ke haɗa fistin da karanshaf, an rage musu kauri, sirara ne, ba su kai na tsohon GE ba, shi kuwa tsohon GE mai distiributa irin nawa kwanrod ɗinsa da karanshaf ɗinsa irin na GTE ne. Kenan kayan cikin da nake da su a hannu sun ma fi na sabon ƙarfi, in dai awo ya nuna lafiyarsu ƙalau. Abin da ba ni da shi shi ne bulok mai fesa mai da kuma fistin masu zurfin kai, don matsin GTE, wato yadda fistin ke matse iska da fetur a silinda, 8.5 ne, na GE ɗina kuwa 10, kuma da matsi 10 da irin fetur ɗin da muke samu, ka ɗora turbo a kai, ba na son abin da zai biyo baya.

Gaskiya kuma mutane da yawa a waje sun sa wa bulok ɗin GE turbo ba tare da bututun fesa mai ba, kuma injin ya riƙe. Na san da haka. Amma su ba a zafin Afrilu na Kano suke tsayawa a go-sulo da AC a kunne ba. Ni dai ina son man nan ya riƙa dukan gindin fistin, hankalina ya fi kwanciya.

10 Fabrairu

Wannan ranar ta ba ni haushi, kuma sai da na kwana biyu kafin na iya rubutawa.

An kira ni aka ce ga rabin inji ya iso a wani shago, ba top amma da karanshaf da fistin da botom filet a ɗaure, kuma an rantse min GTE ne. Na bar aikin da nake yi na hau mota na tafi. Da isata na fara da waya, tsayi daidai. Lamba 2JZ. Na zagaya ɓangaren salansa, ga rami a hude an toshe shi da noti, na duba botom filet ga ƙofar dawowar mai ita ma a buɗe. Mai kayan ya ce Alhaji ka gani ko, ai na faɗa maka, kawo kuɗi kawai don akwai wani da ke hanya. Kuɗin da ya faɗa kuwa na GTE ne cif, har da ƙarin tashin dala, don kowa ya san yadda naira ta zube a 'yan makonnin nan.

Abin da ya fara tsaya min a rai shi ne rami ɗaya ne a hude, ɗayan ƙullutun yana nan a toshe da fatarsa ta zubi. Kamfani biyu yake hudawa. Na roƙi sifana na kwance notin, na haska. Bakin ramin ba a share shi ba. Aikin kamfani, kafin a huda sai inji ya share fuskar wurin ta yi sumul kamar kwabo don wasar noti ta zauna mai kada ya yoyo, wannan kuwa a kan gautsin ƙarfen aka dasa abin huji kai tsaye, ramin ma ya ɗan karkace, haƙoran farko biyu sun cinye, an cusa farin tef na famfo don ya kama. Ƙofar botom filet ɗin ita ma da na shafa ta ciki da yatsa sai na ji kaifi-kaifi, ga gam ja an lafta a kewaye.

Na ce masa, Malam don Allah a kwance botom filet in ga ciki. Ya ce ba a buɗe inji kafin a biya. Na ce zan biya yaron da zai kwance ya mayar, in GTE ne kuma ba zan nemi ragin ko naira ba. Muka yi ta ja har maƙwabcinsa wani dattijo ya sa baki ya ce ai gaskiya ba ta tsoron tocila, a buɗe masa. Aka kwance. Na kwanta a ƙasa kan kwali, na juya karanshaf a hankali ina haska silinda ɗaya bayan ɗaya, daga ta farko har ta shida. Babu bututu ko ɗaya, babu ma alamar an taɓa share wurin zamansu. GE ne da wani can a ƙasar da ya fito ya huda da hannu ya ɗora masa turbo, ya more shi, sannan aka zubo mana.

Ban ce mai shagon ne ya huda ba, tsatsar da ke cikin ramin ta nuna aikin ya daɗe. Abin da ya ɓata min rai shi ne bayan ya gani da idonsa, ina fita na ji yana gaya wa wani a waya cewa akwai GTE a ƙasa. Wani bawan Allah zai zo ya zuba kuɗin da ya daɗe yana tarawa a kan ramin da aka yi da abin huji na hannu.

Daga yau na canza tsari. Ramukan waje ba hujja ba ne, alama ce kawai da za ta sa in tsaya in duba. Duk wanda ba zai bari in ga gindin silinda ba, babu ciniki.

17 Fabrairu

Panteka a Kaduna, sammako na yi na dawo da daddare. Injinan Lexus da yawa, GTE babu. Wani da ke kawo kaya daga Sharja ta Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa ya ce yana ganinsu a can amma masu tseren mota na ƙasashen Larabawa ba sa bari su kwana, kuma kuɗin ya wuce abin da zai iya sakawa ya jira mai saye.

2 Maris

Wani ɗan'uwa da ke harkar kayan mota a Ladipo ta Legas ya kira ni ranar Laraba, ya ce an buɗe kwantena daga Japan akwai wani 2JZ da top ɗinsa ya fashe wurin lodi, turbo ɗin ma an riga an cire an sayar daban, saura gindin. Na ce kada ya gaya min komai, ya kira ni ta bidiyo kawai.

Mun fi minti arba'in a waya, netwok yana yankewa muna sake kira. Na sa ya fara da lamba, 2JZ. Na sa ya auna tsayi da tef, ya yi daidai da nawa. Ɓangaren salansa rami biyu, kowanne da fuskarsa a share tana ƙyalli, ɗaya ma har da guntun bututun man a maƙale. Wurin filtar mai akwai kular nan mai zagaye da ruwan lagireto ke ratsawa yana sanyaya baƙin mai, wadda tawa ba ta da ita. Famfon mai a gaba yana da mazaunin sensar karanshaf, tsohon GE ba shi da wannan tunda distiributa ce ke masa aikin. Kan fistin kuwa a lotse sosai kamar ƙaramin faranti. Duk da haka na ce Yaya, yi haƙuri, a kwance botom filet. Ya yi dariya ya ce kai dai ba ka yarda da kowa ba, na ce ba kai ba ne, ƙarfen nake tambaya. Aka kwance, ya cusa wayar da fitila a kunne, hoton yana rawa, sai can na hango ɗan bututun a lanƙwashe yana kallon sama, da notinsa a gindi. Na ce matsa gaba. Na biyu. Na uku. Har shida.

Tulun botom filet ɗin a gaba yake, wato daga Aristo ya fito ba Supra ba, don na Supra tulunsa a baya yake. Ni wannan ya ma fi min, tunda irin zaman motata kenan.

Na tura kuɗi a daren. Hannuna har rawa yake yi lokacin da nake danna lambobin.

9 Maris

Ya iso jiya da yamma a motar kaya, an naɗe shi da tsohuwar taya da buhu. Mu huɗu muka sauke shi. Yau tun safe muka warware shi gaba ɗaya a gareji, Baba da kansa ya zauna a kan benci yana kallo, duk abin da aka cire sai ya ce a jera a kan kwali bi da bi. Murafan karanshaf bakwai ɗin nan ya fi damuwa da su, ya ce kowanne da lambarsa da kibiyarsa, kuma tare da bulok ɗin aka share su a kamfani, in ka musanya da na wani bulok ko ka juya ɗaya, ka sayi wahala. Duka bakwai nasa ne, a jere daidai.

Bututun fesa mai shida ne kamar yadda na gani a bidiyo, amma na silinda ta huɗu ya ɗan karkace gefe, da alama wani abu ya buge shi lokacin da ake jan injin a ƙasa ba botom filet. Na so in miƙe shi da filaya, Baba ya hana, ya ce in ya tsage daga baya ya faɗa cikin inji fa, ko kuma ya riƙa fesawa inda ba nan ba, a nemo wani. Na kwance su duka shida, notin kowanne yana da ɗan bawul a ciki wanda ba ya buɗewa sai man ya yi ƙarfi, na jiƙa su a fetur, na busa, biyar suna aiki sumul, ɗaya ya ɗan daskare sai da ya kwana a jiƙe.

Na ajiye tsohon bulok ɗina kusa da wannan na kifa su duka biyu. In ba ka san inda za ka duba ba wallahi tagwaye ne. Sai ka leƙa gindin silinda ka ga a ɗaya an share wuri an huda har cikin babbar hanyar mai, a ɗayan kuwa ƙarfe ne yadda ya fito daga zubi. Yaran gareji duk sai da na sa kowa ya leƙa da tocila ya shafa da hannunsa.

16 Maris

Azumi ya kama tun Litinin, aikin sai da safe kawai, kafin rana ta yi zafi mun tashi.

Mun yi gwajin tsagewa irin na da: aka wanke bulok ɗin, aka shafe saman da tsakanin silinda da kewayen ramukan notin top da kananzir, aka bari ya sha, aka goge ya bushe, sannan aka barbaɗa garin alli. In akwai tsaga kananzir ɗin da ya shige zai fito ya zana layi a kan allin. Mun jira kusan awa ɗaya, fari fat, babu layi ko ɗaya, alhamdulillah. Saman kuma mun ɗora miƙaƙƙen ƙarfe ta tsaye da ta kwance da ta kusurwa, fila geji, wato fallen ƙarfen auna tazara, mafi siriri da muke da shi bai shige ba.

Ramukan silinda da baniya, wato ma'aunin hannu mai baki biyu, sun nuna 86, kenan ba a taɓa faɗaɗa su ba, har ana ganin sauran zanen gicciye na kamfani a ƙasa-ƙasa. Amma baniya ba ta isa a ce an auna silinda ba, ranar Litinin zan kai shi wurin masu yankan karanshaf su sa abin awonsu na ciki, sama da tsakiya da ƙasa, su kuma auna karanshaf ɗin da ya zo da shi da nawa mu ga wanda ya fi lafiya. Fistin ɗin da suka zo da shi biyar suna da kyau a ido, na shida yana da ɗan tabo a gefe, sai an auna shi ma.

Saura bututun fesa mai guda ɗaya, na ba da saƙo Legas da kuma wurin mai kawo kaya daga Sharja, duk wanda ya riga samu. Sai top gaskit na GTE, wanda ya fi na GE kauri nesa ba kusa ba. Maganar top ɗin kansa ban yanke ba tukuna, ko in yi amfani da nawa na GE da distiributarsa ko in jira na GTE ya faɗo, wannan sai bayan sallah in Allah ya kai mu. Yanzu dai na shafe bulok ɗin da baƙin mai na rufe shi da leda saboda ƙura, yana can ƙuryar gareji a kan katako.